Baƙin mai na 5W-30 ko 20W-50? Amsa ga mai son yin juye da hannunsa a Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in taƙaita tambayarka saboda masu karatu. Kana da Corolla ƙirar 2006 'yar Amurka wadda ta shigo ta Kwatano, kana zaune a Badariya, kana aiki a sakatariyar Gwadangaji, ƙarshen mako kuma kakan leƙa gona wajen Argungu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na mota ya yi tashin gwauron zabo, shi ya sa ka yanke shawarar ka riƙa yin juye da kanka a gida. A kan murfin zuba mai an rubuta 5W-30, amma bakanikenka ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, zafin Kebbi sai 20W-50. A shago kuma an jera maka filta iri uku, kowace da kuɗinta, mai shago yana rantsuwa duk orijina ce.

Ka bi abin da ke kan murfin. Ka nemi 5W-30 na gaske daga hannun da ka amince da shi, da filta mai lambar motarka, sannan ka riƙa juyewa da wuri saboda ƙurarmu. Bakanikenka ba da mugun nufi ya faɗa ba. Abin da ya gada ne daga maigidansa, shi kuma maigidan a kan Peugeot 504 da tsofaffin Datsun ya koyi aiki, injinan da 20W-50 ya dace da su ƙwarai. Motoci sun canza, karatun gareji ne ya tsaya a inda yake.

Lambobin nan ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ce ta tsara su. Ta farko mai harafin W tana faɗin yadda man ke gudu sa'ad da injin yake a sanyaye, kafin a tayar da shi. Ta biyu kuma kaurinsa ne idan ya kai digiri 100, wato kusan zafin da yake aiki a cikinsa. Kowane mai yana kauri da sanyi ya tsinke da zafi, kamar man shanu da ke daskarewa a ƙwarya cikin hunturu ya koma ruwa a bazara, kuma gwanintar masu haɗa baƙin mai ita ce rage wannan tazarar. A digiri 100, wanda lambarsa ta biyu take 30 kaurinsa na tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin sentistok, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9.

To, ga inda gizo ke saƙa. A digiri 40, wato irin la'asar ɗin watan Afrilu da kwalta ke laushi a Birnin Kebbi, kaurin 5W-30 yana wajen 60, na 20W-50 kuma ya haura 150. Ke nan ko a ranar da ta fi kowace zafi a shekara, 5W-30 da ke cikin motar da ta kwana yana da kauri kusan ninki shida na abin da injin ke buƙata idan ya ɗauki zafi. Zafin da ke sa mu neman inuwar dogon yaro, a wurin inji sanyi ne. Ba rana ce ke tsayar da zafin inji ba, lagireto ne da tamostat da fanka, su ke riƙe ruwan a wajen digiri 85 zuwa 95, a Jos kake ko a Kamba. Zafin gari yana ɗan ƙara wa man zafi, musamman idan an kunna na'urar sanyaya mota kuma an yi lodi, amma ba ya kai shi inda 30 zai kasa, don akwai gwajin da ake yi wa kowane mai a digiri 150 kafin a ba shi lambarsa. Irin motarka da 5W-30 take yawo a jihar Arizona ta Amurka, inda bazara ke haura digiri 43.

Mai kauri yana da tasa ɓarnar. Injin motarka sunansa 1ZZ-FE, shi ne kuma a cikin Toyota Matrix da Pontiac Vibe da suka cika titunanmu. Tazarar da ke tsakanin karanshaf, wato babban sandan ƙarfe da ke juyawa a cikin inji, da mital ɗin da yake juyawa a kansu ba ta wuce 0.02 zuwa 0.05 na milimita ba, kuma ta wannan ɗan tsagin man zai ratsa. Da asuba a watan Janairu, ka murza makulli, famfon mai sai ya tura 20W-50 daga ƙasan inji har saman tofsilinda, kuma a 'yan daƙiƙun da yake wannan fama ƙarfe na gugar ƙarfe. Wannan ƙarar kaf-kaf-kaf da wasu motoci ke yi da safe ta ɓace bayan ɗan lokaci, sau da yawa ita ce. Ban da haka, injin yana da tsarin VVT-i, wanda da matsin mai yake sauya lokacin buɗewar bawul. Man yana bi ta wata 'yar raga mai ƙananan ƙofofi ya shiga bawul ɗin da kwamfutar mota ke sarrafawa. Idan man ya yi nauyi ko datti ya toshe ragar, tsarin ya riƙa jinkiri, mota ta yi sanyin jiki, wutar gargaɗi ta kama, a tafi ana canza fulogi da nozul a banza. Fetur ma yana ƙaruwa kaɗan, don injin na kashe ƙarfi wajen juya mai nauyi.

Adalci shi ne in faɗa maka ɗaya gefen. Littattafan Toyota na wancan zamani da aka buga don ƙasashe masu zafi suna da jadawalin da ya haɗa da 10W-30 da 15W-40, har da 20W-50. Don haka idan an taɓa zuba wa motarka 20W-50, kada hankalinka ya tashi, bai kashe ta ba. Halal ne, amma ba shi ne mafifici ba. Inda abin ke zama ganganci shi ne sababbin injina, irin Camry daga 2010 da Corolla ta waɗannan shekarun zuwa sama, da aka rubuta musu 0W-20, ko Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da aka rubuta wa 5W-20. Waɗannan idan 20 ta yi wuyar samu ko an yi shakkar ingancinta, ni na yarda a hau zuwa 5W-30 a tsaya nan. Daga 20 a tsallaka zuwa 50 wai don zafin gari, wannan ba kulawa ba ce.

Akwai kuma lokacin da ni kaina zan ce ka ƙara kauri. Idan injin ya sha jiki, ka ga yana shan baƙin mai kamar lita ɗaya cikin kilomita 1,500 ko ƙasa da haka, ko wutar mai tana kyaftawa a silo bayan doguwar tafiya, to ka hau mataki ɗaya, 5W-40 ko 10W-40. Hakan yana rage shan, amma ba ya gyara ringin da ya ci. Golf 3 da Sharan da Peugeot 406 na haya, waɗanda ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato ko Yauri da lodi har bayan but, 10W-40 mai alamar Turai ACEA A3/B4 ya yi musu daidai. 20W-50 kuwa ka bar wa 504 da tsofaffin motoci masu kafireto.

Tun da maganar zafi ake, bari in ratsa. Ka tambayi bakanikenka ko tamostat na nan a motarka. Al'ada ce a garejinmu, mota na sauka daga Kwatano a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye tana juyawa daga murza makulli, wai kada inji ya yi zafi. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin aikinsa, kwamfuta na ganin har yanzu da sanyi tana ƙara fetur, wani ɓangare na fetur ɗin yana silalewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Tururin ruwan da ƙonewar fetur ke haifarwa shi ma ba ya ƙafewa, sai ya haɗu da datti ya zama baƙar laka a cikin inji. Kai da tafiyarka ta kullum daga Badariya zuwa Gwadangaji ce, gajeriya, abin ya fi shafarka. Ko wane irin mai ka saya, idan babu tamostat ka rage masa kwana.

Bayan lambar kauri, ka juya galan ka nemi alamar API, wato cibiyar man fetur ta Amurka. Na injin fetur suna farawa da S, kuma harafi na biyu yana tafiya da zamani: SL ta 2001, SM ta 2004, SN ta 2010, SP ta 2020. Sabuwa tana maye gurbin tsohuwa, saboda haka motarka daga SL zuwa sama duk ta karɓa. Idan ka ga SF ko SG, na injinan shekarun 1980 ne da farkon 1990, ka ajiye. Masu farawa da C, irin CH-4 da CI-4, na injin gas ne, Kanta da tarakta da manyan janareto, kuma galibi 15W-40 ne. Babur shi ma da nasa. Irin na 'yan kabu-kabu kulocinsa a cikin baƙin mai yake iyo, shi ya sa yake buƙatar mai alamar JASO MA. Ragowar 5W-30 na mota yana da sinadarin ƙara santsi da zai iya sa kuloci zamewa, kada ka ba yaron gida ya zuba a babur.

Waɗannan haruffa suna da nauyi domin baƙin mai ba mai ne zalla ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke galan sinadarai ne: masu wanke datti, masu riƙe shi a cikin man kada ya kwanta, masu kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa, da haɗin zinki da fosfaras da ke shimfiɗa kariya a inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe. Su ke tsada, kuma su ne ba a gani da ido. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi sau da yawa tushen man ne kawai babu sinadaran, ko tsohon mai da aka tace aka gyara masa launi. Ka ga mutum ya ɗiga a yatsa ya murza ya ce wannan yana da danƙo, mai kyau ne. Yatsa ba ya gane zinki. Haka kuma man da ya yi duhu bayan 'yan makonni ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake, ya kwaso datti ya riƙe. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya yi wata uku a tsohon inji yana nan garau.

Sintetik, wanda aka sarrafa musamman a masana'anta, ko minaral, wanda aka tace kai-tsaye daga ɗanyen mai? Sintetik ya fi jure zafi, ya fi jinkirin tsufa, ya fi barin inji da tsabta, kuma yawancin 5W-30 da za ka samu yanzu sintetik ne ko rabinsa. Idan aljihu ya ɗauka, shi na fi so ga injin 1ZZ, don na farkon-farkonsa, musamman na 1998 zuwa 2002, sun yi suna wajen shan mai saboda ƙananan ramukan da ke jikin fistin suna toshewa da ƙonannen mai. Naka na bayan gyara ne, amma tsabta ba ta yi masa yawa. Maganar da ake yi cewa sintetik na sa yoyo, abin da ke faruwa shi ne yana wanke dattin da ya liƙe bakin robar da ta riga ta bushe, yoyon da ke ɓoye ya fito fili. A wannan injin ka duba gasket ɗin murfin sama da 'yar robar abin ɗaure sarkar taimin da ke bayan inji, su ne suka saba zuba, kuma gyaransu ba tsada. In kuma a hanya mai ya yi ƙasa babu irin naka, ka cika da wanda ka samu mai kyau, gauraya ba ta kashe inji, rashin mai ne ke kashe shi.

Duk wannan bayani banza ne idan abin da ke cikin galan ba shi aka rubuta a jiki ba, kuma a ganina jabu ya fi kashe injina a ƙasar nan fiye da kuskuren lamba. Sunan da ya fi kasuwa shi aka fi yi wa jabu. 10W-40 na gaske ya fi 5W-30 na jabu nesa ba kusa ba, kuma man da aka haɗa a gida Najeriya wanda ka saya daga hannun kamfaninsa ya fi mai sunan waje da ba ka san ta inda ya biyo ba. Muna da masu haɗawa da dama: TotalEnergies, Mobil, Conoil, MRS, Ammasco a Kano, Lubcon a Ilorin. Hanya mafi aminci ita ce gidan man kamfanin ko dilan da ya naɗa, ka kuma karɓi rasit. Ka duba zoben murfi bai tsinke ba, takardar da ke liƙe a bakin galan ba a ɗaga ta an mayar ba, lambar haɗi da kwanan wata a buge suke ba su goge ba. Kayan gida suna ɗauke da tambarin MANCAP na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, wasu kamfanonin kuma suna sa lambar da ake kankarewa a tura a tabbatar. Idan kuɗin ya faɗi ƙasa da na gidan mai da tazara mai yawa, ba sa'a ka yi ba. Galan mai ƙyalli da tutar ƙasar waje kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. In ka gama juye ka huda galan ɗin da wuƙa kafin ka yar, don masu bi suna sayen fanko mai kyau, kuma ka san abin da za a zuba a ciki.

Yanzu filta, wadda mutane suka fi rainawa. Za ka ga mutum ya sayi mai na dubban nairori, sannan ya tsaya yana ciniki a kan filta har ya ɗauki mafi araha. Daga waje duk gwangwani ne mai fenti. Ka sa zarto ka yanke ta gaske da ta jabu ka ajiye su gefe da gefe, za ka ga bambanci da idonka. A ta gaske takardar tacewa tana da kauri, an naɗe ta ninki-ninki a jere da tazara daidai, an manne bakinta sama da ƙasa ba ko kafa. A ta jabu ninkin kaɗan ne, wani wuri a cunkushe wani wuri a wage, gam ɗin ya zubo gefe ɗaya ya bar ɗayan a buɗe, wani lokaci takardar da yatsa za ka yaga ta. Akwai wadda za ka tarar da tsatsa a cikinta tun ba a ɗaura ta ba.

Ban da takardar akwai abubuwa biyu a ciki. Na farko wata roba ce da za ka hango ta cikin ƙananan ramukan da ke kewaye da babban ramin tsakiya, baƙa ko ja-ja. Aikinta hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota, don da safe matsi ya taso nan take. Ja-jan, ta silikon, ta fi jure zafi ba ta taurare ba. Na biyu bawul ne mai sifirin da ke buɗewa idan takardar ta toshe ko man ya yi kauri da sanyi, ya bar mai ya wuce ba tacewa, don gara mai datti da babu. Kowane inji da matsin da aka tsara wannan bawul zai buɗe. A filtar jabu ko dai sifirin ɗin ya yi laushi ya zauna a buɗe kullum, kana yawo da filta amma ba ta tace komai, ko babu bawul ɗin sam, ranar da ta toshe takardar ta yage ko inji ya rasa mai. Ka lura kuma da yadda abu biyun ke haɗuwa: mai kauri da safe yana tilasta bawul ɗin buɗewa, ya kwashi datti ya kai wa mital.

Kada ka sayi filta da ido, wai ta yi kama da tsohuwar. Ka saya da lamba. Ta motarka a wajen Toyota ita ce 90915-YZZF2, wadda daga baya aka maye gurbinta da 90915-YZZN1, kuma kamfanoni irin Denso da Mann da Bosch da Mahle suna da tasu da ta yi daidai da ita. Dalilin da ya sa nake nanata lamba shi ne zaren ɗauri. Na Toyota inci ne, 3/4-16, na Honda kuma milimita ne, M20 x 1.5, kuma sun yi kusa ƙwarai. Filtar Honda za ta hau kan Toyota ta yi kamar ta ɗauru alhali zaren bai kama sosai ba, wata rana a kan hanyar Jega matsi ya cillo ta, mai ya tsiyaye cikin daƙiƙu, inji ya buga. Idan ka ɗauki filta a shago, ka ji nauyinta a hannu, ka leƙa zaren ko a goge yake sumul ko yana da ɓurɓushin ƙarfe, ka danna robar bakinta ka ji tana da laushi kuma ta zauna daram a gurbinta, ka girgiza ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki. Daga cikin ukun da aka jera maka, mafi arahar ka manta da ita, sauran biyun kuma a wannan gwajin za su rabu. Kowane juye da sabuwar filta. Masu sababbin Toyota da filtarsu takarda ce zalla a cikin gida mai murfi, su tabbata sun canza zoben robar da ke zuwa a kwalin.

Filtar mai tana kama abin da ya kai kamar maikiron 20 zuwa 40, wato 0.02 zuwa 0.04 na milimita. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, da jar ƙurar hanyar gona, akwai wadda ta fi haka ƙanƙanta, kuma yashi ne a niƙe, ya fi ƙarfen inji tauri. Ƙofar shigarta filtar iska ce. Ka buɗe akwatin filtar iska, ka cire babban tiyon da ya tashi daga shi zuwa inji, ka shafa yatsa a cikinsa. In ka ga ƙura a yatsanka, injinka yana cin ƙasa: ko filtar ta huje, ko murfin bai rufu ba, ko tiyon ya tsage a lanƙwasarsa. Kai wa mai faci ya busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar ne ta inda ido ba ya gani. Ka kaɗe ta a hankali, in ta yi ja ka sake. Wanda ya gyara wannan ya fi wanda ya sayi man da ya fi kowanne tsada amfanar injinsa.

Saboda ƙurar da gajerun tafiye-tafiye, motarka tana cikin abin da littafinta ke kira aiki mai tsanani. Shawarata: minaral ko rabin sintetik kilomita 4,000 zuwa 5,000, cikakken sintetik 7,000 zuwa 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Abin da aka rubuta a wasu galan na kilomita 15,000 ba da hanyar fadama aka yi lissafinsa ba. Ka kula, motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Kilomita 5,000 mil 3,100 ne a agogonka. Da yawa suna jiran agogo ya cika 5,000 alhali sun yi kilomita 8,000.

Aikin kansa ba wuya. Kana buƙatar sifana mai lamba 14, abin kwance filta, mazurari, roba mai faɗi, tsumma, da sabuwar wosha ta notin juye. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, balle a tsakar gida mai rairayi inda jak ke nutsewa. Ka samu daɓen siminti, ka sa ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, ka ja burkin hannu, ka tokare tayoyin baya. In babu, ka biya a ba ka aron rami a wurin wankin mota. Ka bar injin ya ɗan yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba. Ka tabbata notin inji ka kwance, wanda ke ɓangaren fasinja, domin na giya yana ɓangaren direba, kuma in ka ga jan mai na zuba to giya ka buɗe. Da ka cire tsohuwar filta, ka duba robar bakinta ta fito tare da ita. Takan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe matsi. Ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka murza da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan, ba a sa mata sifana. Notin juye kuma a ɗaure shi daidai, wajen 40 Nm in kana da sifana mai awo, ba a taka shi da ƙafa.

Injin yana ɗaukar wajen lita 4. Ka zuba uku da rabi, ka tayar, ka ga wutar mai ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, ka kashe ka jira minti biyar, sannan ka cika da kaɗan-kaɗan har geji ya kai alamar sama. Kada ka wuce ta wai don galan na lita 5 ne kada ragowar ta tashi a banza. Mai ya yi yawa karanshaf na dukansa ya yi kumfa, famfo kuma ba ya tura kumfa. Wanke inji da kananzir ko gas kafin a zuba sabo, da zuba waɗannan ƙananan gwangwanaye masu kaurara mai, duka ka bar su.

Tsohon man ka juye shi a jarka ka kai gareji ko wurin masu saye. Kada a zuba a masai ko kwata ko bayan gida, don yana bin ƙasa ya sami rijiya, a fadama kuma ruwa kusa yake. Kada a shafa wa dabba a kan ƙirci, kai ma ka wanke hannu da sabulu, yawan taɓa shi yana cutar da fata.

Bayan juyen farko ka rubuta kwanan wata da lambar agogo a ɗan littafi ka ajiye a mota. Duk mako, da safe kafin ka tayar, a wuri mai daidai, ka zaro geji ka duba, don jar wutar mai ba ta faɗin mai ya ragu, sai matsi ya riga ya faɗi take kamawa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama ya ɗan haura lita ɗaya. Idan ka yi mil 1,000 man bai sauka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tazarar ba, ka zauna a kan 5W-30. Idan ya sauka rabi ko fiye, kuma babu ɗiga a ƙasa, ka fara canza bawul ɗin numfashin inji, PCV, da ke jikin murfin sama, abu ne mai araha da kan toshe ya jawo shan mai. In an canza bai daina ba, a juye na gaba ka koma 5W-40 ka sake aunawa.